Yadda na ɗaura wa motar daji bamba da sulken ƙarfe

Kafin in taɓa sifana ko ɗaya, sai da na kai motar kan sikelin da ake auna manyan motoci. Fikof ce mai ƙofa huɗu da injin dizal, irin waɗanda bodinsu ke zaune a kan shasi daban, kamar Hilux da Land Cruiser. Na cika tanki, na loda kayan da na saba tafiya da su, na zauna a kujerar direba, aka auna tayoyin gaba daban, na baya daban. Kowace mota tana da ɗan faranti, a ginshiƙin ƙofa ko a ƙarƙashin bonet, inda kamfani ya rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka gaba ɗaya, da yawa kuma har da iyakar kowane aksul. Duk ƙarfen da mutum zai ɗaura, daga cikin wannan adadin zai ci. Da na kwatanta abin da sikeli ya nuna da abin da ke jikin farantin, sai na ga baya akwai sarari sosai, gaba kuwa saura kaɗan. Gaban nan kuma shi ne inda nake shirin rataya mafi nauyin kayan.

Nauyin da aka rataya a hancin mota ba ya tsayawa a adadinsa. Bambar ƙarfe da winci, wato injin jan mota da igiya, a cikinta suna iya kaiwa kilo 90 ko su wuce, kuma gaba da aksul suke zama, ba a kansa ba. A ce tsakanin aksul na gaba da na baya mita 3 ne, kayan kuma sun yi gaba da santimita 90. Aksul na gaba kilo 117 zai ji, na baya kuma a rage masa kilo 27. Kamar mutum ne ya ɗauki bokitin ruwa da hannu a miƙe: ruwan bai ƙaru ba, amma kafaɗa ta san da bambanci. Wannan lissafin ne ya sa na haƙura da doguwar bamba mai bututun da ke tashi har saman fitilu, na ɗauki gajeriya, na kuma nemi winci mai igiyar saƙa irin ta Dyneema maimakon ta wayar ƙarfe, wadda ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba.

Tambaya ɗaya na riƙe tun daga nan har aka gama: idan wannan ƙarfen ya daki dutse, ina bugun zai tafi? Ƙarfe mai kauri ba ya shanye bugu, miƙa shi yake yi ga abin da aka ɗaure shi a jiki. Bambar roba da mota ke zuwa da ita an yi ta ne don ta fashe, ƙarfen da ke bayanta ya lotse, shasi da mutanen ciki su tsira. Ranar da ka sa wadda ba ta lotsewa, sanin inda ƙarfin zai sauka ya dawo wuyanka.

Abin ya fi tsanani a motar da ke da jakar iska. Akwai ƙananan na'urori da ke auna yadda mota ke rasa gudu a lokacin karo, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma da wannan awon ne kwamfutar motar ke yanke hukuncin buɗe jaka ko barinta. Bamba mai tauri da aka walda kai tsaye a bakin shasi tana sauya yadda bugun ke isa ga na'urorin nan, jakar ta buɗe inda ba a bukatarta, ko ta buɗe ba a kan kari ba. Shi ya sa masu ƙera bamba da gaske suke yi mata ƙafafu masu ninki, waɗanda ke murƙushewa a daidai wurin da aka tsara, su kuma gwada su a kan kowane samfurin mota. Mutanen Ostireliya sun daɗe a wannan sana'a saboda karo da kangaru da shanu a dogayen hanyoyinsu. Kamfanin ARB, wanda Tony Brown ya kafa a Melbourne a 1975, can yake, haka ma kamfanin TJM. Ban ce lallai sai tasu ba, amma ni dai na ƙi duk bambar da ba a iya nuna mini a rubuce cewa an yi ta don samfurin motata da shekararta ba.

Da kaya suka iso, na baje su a ƙasa na ƙirga ƙusoshi da notuna da washa da takardar umarnin mai ƙera a hannuna, don kada a kwance mota sannan a gano wani abu ya ɓace. Na wanke ƙasan motar tas, na fesa man sassauta tsatsa a kan duk ƙusar da za a kwance, na bar shi ya kwana. Sannan na ɗauki awo wanda zai yi mini amfani daga baya: daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen madigadi, motar na tsaye a shimfiɗaɗɗen siminti. Na rubuta a takarda na manna a gilashi.

Aikin ya fara da cire kan batir na nagatif. Littafin wasu motoci yana cewa a jira daƙiƙa 90 kafin a taɓa wani abu kusa da wayoyin jakar iska, na wasu ya fi haka, domin akwai sauran wuta da ke zama a na'urar ko bayan an cire batir. Mahaɗan wayoyin nan ruwan ɗorawa ne a yawancin motoci, don a gane su a kiyaye. Cire tsohuwar bamba ba wuya, sai haƙuri: maɓallan roba ne da yawa, wasu a ɓoye a cikin madigadi, wasu a ƙasan fitilu. Duk wanda na cire sai in sa shi a leda in rubuta inda ya fito. Na zare wayoyin fitilun hazo da na na'urorin fakin, na naɗe bakinsu da tef. Da roba ta sauka, sai ga ƙarfen kamfani a kwance a bakin shasi, shi ma na kwance shi, ƙahonnin shasin biyu suka bayyana.

A nan na tsaya na daɗe. Ƙahonnin nan su za su ɗauki komai, nauyin bamba, jan winci, da duk bugun da zai zo. Na goge su da buroshin waya har ƙarfe ya fito, na duba ko akwai tsagewa ko alamar an taɓa miƙe su bayan karo, na auna tsakaninsu, na kuma auna a gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa don in tabbatar ɗaya bai kauce ba. Motar da shasinta ya karkace ko tsatsa ta ci shi, babu bambar da za ta gyara ta, sai ma ta ƙarasa ta. Nawa lafiya lau yake, in ban da wani noti da kamfani ya walda a cikin shasin, wanda haƙoransa suka cika da tsatsa. Ban tilasta masa ƙusa ba. Na bi shi da abin gyaran haƙora a hankali, rabin juyi gaba, kwata baya, ina ɗiga mai, har ya buɗe. Irin notin nan idan ya ɓalle a cikin shasi, hannu ba ya kaiwa gare shi. Daga nan na shafa fentin hana tsatsa a duk inda na goge.

A irin bambar da na saya, sai an fara ɗaura winci a mazauninsa kafin a ɗora ta, don bayan ta hau ba inda hannu zai shiga. Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce winci ya iya jan ninki ɗaya da rabi na cikakken nauyin mota. Motar da cikakken lodinta ke wajen tan 3 tana son mai jan tan 4.5, wato wanda ake rubuta wa fam 10,000 a jiki. A sani kuma, wannan adadin na layin igiya na farko ne a kan gangar da igiyar ke naɗuwa a jiki, duk layin da ya hau kan wani ƙarfin jan yana raguwa. Ramukan ƙafafun yawancin winci masu wannan girman iri ɗaya ne, milimita 254 da 114, saboda haka ya zauna ba gardama. Abin lura shi ne tsawon ƙusoshin: gajeriya ba ta cika notin ba, doguwa kuma tana tokare jikin wincin ta tsaga shi. Na auna kaurin mazaunin na haɗa da zurfin ƙafar kafin in zaɓa. Bakin da igiya ke fita kuma na sa na alminiyum mai santsi, shi ya dace da igiyar saƙa, tunda ƙarfen da waya ta taɓa gogewa yana yanka ta.

Maganar ƙusoshi ba ƙarama ba ce. A kan kowace akwai lamba, 8.8 ko 10.9, kuma ita ke faɗin ƙarfinta: ta 8.8 tana jure ja har wajen megafaskal 800, ta 10.9 wajen 1,000. Wadda ba ta da lamba ba ta da wurin zama a jikin shasi. Mutane da yawa suna sha'awar ƙusar da ba ta tsatsa, mai ƙyalli, amma wadda aka fi samu, mai alamar A2-70, ba ta kai 8.8 ƙarfi ba. A wurin ado tana da kyau. A inda winci zai ja, ban yarda da ita ba.

Ɗaga bamba ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ƙanena ya kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka tallafa tsakiyar da jak da guntun katako a kansa. Kafin nan na manna tef mai kauri a gefen fitilu da madigadi, don ƙarfe na gogar fenti sau ɗaya ya bar tabo. Da ƙusar farko ta shiga, sai ya ɗauki sifana.

"Yaya, in ɗaure wannan?"

"Bar ta sako-sako tukuna. Sai duk sun shiga."

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace amfani a duk aikin. Ramukan ƙafafun bamba dogaye ake yin su da gangan, saboda ba shasi biyu da suke daidai da juna milimita da milimita. Idan ka ɗaure ɗaya tun da wuri, ta ƙarshe ba za ta shiga ba, daga nan sai zuciya ta raya maka ka faɗaɗa rami da injin huda, alhali ba ramin ne da laifi ba. Muka sa kowace ƙusa da hannu, juyi uku ko huɗu, sannan muka shiga daidaitawa: a ɗaga nan, a tura can, in koma baya in duba, in dawo in auna.

Abin da nake nema shi ne tazara. Bamba a jikin shasi take, madigadi da fitilu kuwa a jikin bodi, bodin kuma a kan robobi yake zaune. A kwalta ba ka ganin motsinsu, amma idan taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami, shasi yana murɗawa, bodi yana rawa a kansa. Bambar da aka matse ta da madigadi don ta yi kyau a ido, ranar farko a daji za ta tauna shi. Takardar tawa ta ce a bar tsakanin milimita 15 da 20. Na yanka katako biyu masu wannan kaurin na cusa a kowane gefe, muka ɗaga bambar har ta taɓa su, sannan aka fara ɗaurewa daga ciki zuwa waje, hagu da dama bi da bi.

Ɗaurin ƙarshe da sifana mai awo na yi shi, wadda ke yin ƙas idan an kai adadin. Ƙusa mai kaurin milimita 12 ta 8.8 wajen Nm 80 take so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ta 10.9 kuma ta haura 100, amma abin da takardar mai ƙera ta faɗa shi ne hukunci. Idan aka shafa wa haƙoran ƙusa giris, adadi ɗaya yana matse ta fiye da yadda zai matse busasshiya, saboda haka ban shafa komai ba sai inda aka ce a shafa. Duk wadda na gama, sai in ja layi da farin fenti daga kanta zuwa jikin ƙarfen. Layin nan yana gaya mini na gama da ita, daga baya kuma shi zai nuna mini in ta motsa.

Sauran aikin gaba ƙanana ne amma suna cin lokaci. Na yanka robar cikin madigadi yadda za ta shiga bayan bambar ba tare da taya ta kama ta ba, na juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe na duba. Robobin da ke karkatar da iska zuwa lagireto na mayar da duk wanda zai iya komawa, domin winci ya riga ya tare wani ɓangare na hanyar iskar, kuma injin dizal mai jan kaya a yashi ba ya son a rage masa ko kaɗan. Wayoyin winci masu kauri na bi da su nesa da salansa da duk wani kaifi, na sa musu riga a inda suka ratsa ƙarfe, na kuma sa makunnin yanke wuta kusa da batir, tunda winci a cikakken ja yana iya zuƙar sama da amfiya 400, kuma waya irin wannan in ta goge ta taɓa bodi, gobara ce. Na'urorin fakin suka koma ramukan da aka tanadar musu. Wanda motarsa ke da rada a gaba, mai taka burki da kanta, sai ya kai a sake saita ta bayan an gama, wannan ba aikin ido ba ne.

Kunnuwan ja guda biyu da ke jikin bambar su ma na bi su da ido har inda suka ƙare. Nawa sun ratsa fuskar bambar sun kama shasi kai tsaye da ƙusoshinsu, ba a fatar bambar aka liƙa su ba, kuma an buga adadin da za su ɗauka a jikinsu. Zoben ƙarfen da aka saba sa musu, mai kaurin inci uku bisa huɗu, an rubuta masa tan 4.75. 'Yan madaukan da ke ƙasan mota da yawa daga kamfani, na ɗaure ta ne a kan jirgi ko tirela, ba na fizgo ta daga laka ba. Ƙwallon jan tirela kuwa kada a kuskura a rataya masa igiyar fizga. Yana karyewa ya tashi da gudu, kuma ya kashe mutane.

Ƙarafan gefe su ne na fi ba muhimmanci, ko da yake ba su ne ke jan ido ba. Ƙasan ƙofa wuri ne mai rauni, kuma idan dutse ya lotsa shi ƙofar ba ta ƙara rufuwa daidai. Matakalar da motar ta zo da ita a jikin bodi take, ta taka ƙafa ce kawai. In ta hau dutse, ita da kanta za ta naɗe ta shige cikin bodin da ake son karewa. Na gaske bututu ne mai kaurin bango wajen milimita 3, da ƙafafu da ke miƙewa su kama shasi, yadda motar za ta iya kwantar da nauyinta a kansa ta zame ta wuce.

Nawa suna da ƙafa uku kowane gefe, biyu sun dace da ramukan da ke jikin shasi, ta ukun sai an huda. A nan na nemi wani dattijon maƙeri da ya daɗe yana aikin shasin manyan motoci. Ya sunkuya ya shafa ƙarfen, ya leƙa bayansa da tocila, sannan ya ɗago.

"Maigida, ka ga bututun burki da na mai nan a baya? Sai mun kauda su mun sa faranti a tsakani kafin bakin huda ya fita. Kuma a tsakiyar bangon za mu huda, ba a sama ko ƙasa ba."

"Me ya sa, Baba?"

"Sama da ƙasa su ke ɗaukar lanƙwasa. Ka huda nan, daga ramin tsagewa za ta fara."

Ya ƙara da abin da takardar ma ta faɗa: shasin nan kamar akwati yake, cikinsa fanko ne, idan ka ratsa shi da ƙusa ka matse, bangon biyu za su lotsa ciki, ƙusar ta saki. Sai an sa ɗan bututu a ciki wanda ƙusar za ta bi, ya tokare bangon biyu. Haka muka yi. Muka share bakin ramin, muka shafa fenti kafin ƙusa ta shiga. A nan ma na bar tazarar yatsa tsakanin bututun da ƙasan ƙofa. Da muka gama, na sa jak a ƙarƙashin bututun na ɗaga har tayoyin gefen suka bar ƙasa, na buɗe ƙofofi na rufe, na duba ko tazarar ta ragu har ta kusa taɓawa. Ta ɗan ragu, ba ta taɓa ba. Ƙarfen gefen da ba zai ɗauki wannan gwajin a gareji ba, ba zai ɗauka a kan dutse ba.

Sai farantan ƙasa. Abin da ake karewa shi ne kaskon baƙin mai, da giyabos, da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, da tankin mai. A nan na raba ƙafa. Alminiyum nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa farantinsa mai milimita 6 bai kai na ƙarfe mai milimita 3 nauyi ba. Amma yana da laushi, dutse yana kama shi ya yage masa fata, ƙarfe kuwa zamewa yake yi. Na sa na ƙarfe a gaba, inda bugu ya fi yawa, na alminiyum a ƙarƙashin giyabos da tanki. Inda alminiyum ya haɗu da ƙarfe, idan ruwa da gishiri suka shiga tsakani, alminiyum ɗin ne ke cinyewa, don haka na sa fenti da siririyar roba a mahaɗar.

Duk wannan a kwance ake yinsa a ƙarƙashin mota, kuma ba na shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Na sa ta a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, na tokare tayoyi, na girgiza ta da ƙarfi kafin in shiga. Farantan an jera su ne daga baya zuwa gaba, leɓen na gaba ya hau kan na bayansa daga ƙasa, yadda dutse zai zame daga ɗaya zuwa ɗaya ba tare da ya sami bakin kamawa ba. Kowanne a jikin gicciyen shasi yake ɗaure, ba a jikin abin da yake karewa ba. Na tabbatar akwai sarari tsakanin faranti da kaskon mai, don inji yana motsi a kan robobinsa, kuma farantin da ya lotsa ya taɓa kasko ya koma guduma. Kawunan ƙusoshin suna cikin 'yan zobba da ke kare su, in ba haka ba dutse zai goge su har sifana ta kasa kamawa. Na kuma gwada sa hannu ta ƙofar juye mai da ta tace mai tun kafin in ɗaure, don kada kowane canjin mai ya zama kwance faranti uku.

Bambar baya ba ta ba ni wahala ba. Na zaɓi mara ƙofar rataya safaya taya, don ƙofar nan da tayarta nauyi ne mai yawa a can ƙarshen shasi, kuma tayata tana da wurinta a ƙasa. Abin da nake so shi ne wutsiyar motar ta daina jan ƙasa idan tana saukowa daga gangare, sabuwar kuma ta fi tsohuwar ɗagewa. Na mayar da lamba da fitilarta, na duba bakin salansa bai hura wa ƙarfe ko waya ba.

Da aka sauke motar na koma ga takardar da ke manne a gilashi. Gaba ya sauka kusan santimita 2. A ido ba wani abu ba ne, amma wannan tazarar daga cikin hanyar da taya ke bi ne kafin ta daki robar tsayawa, kuma ita ce tsayin da na sa sulke don in kare. Na canza sifirin gaba da waɗanda aka yi don ɗaukar ƙarin nauyin bamba da winci, tare da shokazoba da suka dace da su. Ban ɗauki mafi tauri ba, don sifirin da ya fi nauyin da ke kansa yana sa mota tsalle, taya ta riƙa barin ƙasa. Daga nan aka saita tayoyi, aka saita hasken fitilu, na sake hawa sikeli. Gaba ya tsaya ƙasa da iyakarsa, amma da ɗan kaɗan. Sabon sifirin yana ɗaga mota ne kawai, bai canza adadin da ke jikin farantin kamfani ba, domin aksul da burki da tayoyi suna nan yadda suke.

A tuƙi na ji bambancin tun daga kwanar farko. Hancin ya yi nauyi, burki yana son a fara taka shi da wuri, mai ma ya ɗan ƙara tafiya. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan damuna. Bugun da bambar nan ba ta shanyewa, idan mutum ne a gabanta, a jikinsa zai sauka. Tarayyar Turai ta yi doka a 2005 da ta sa sai irin waɗannan ƙarafan gaba sun ci gwajin kare masu tafiya a ƙasa kafin a sayar da su, a Indiya kuma ma'aikatar sufurin hanyoyi ta umarci jihohi a Disamban 2017 su ɗauki mataki kan masu ɗaura su ba izini. Dokar kowace ƙasa daban ce, kuma ya kamata mutum ya san ta inda yake kafin ya sayi komai, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa. Ni dai tun da na ɗaura ta, tazarar da nake bari a cikin gari ta ƙaru, gudun da nake yi kusa da makaranta da kasuwa ya ragu.

Igiyar winci ba a fita da ita yadda ta zo. Na warware ta a fili har saura zagaye goma a kan ganga, na ɗaura bakin a gindin bishiya da faffaɗan ɗamara don kada ɓawon ya ji ciwo, na bar wincin ya jawo motar a ɗan hawa, ƙanena na ciki yana taɓa burki kaɗan. Haka igiyar ke naɗuwa a matse. In an bar ta sako-sako, ranar ja na gaske layin sama zai nutse cikin na ƙasa ya maƙale.

Bayan fitar farko a hanyar duwatsu na wanke ƙasan motar na shiga da tocila ina bin fararen layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Na bamba duk suna nan daidai. A ƙafar tsakiya ta ƙarfen gefen hagu, inda motar ta kwanta a kan dutse, layi ya ɗan kauce, na mayar da sifana mai awo na sake ja masa sabo. Fenti da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana murƙushewa a farkon amfani, shi ke sa sabon ɗauri ya saki, don haka na bi sauran ma gaba ɗaya. Inda dutse ya kankare fenti na goge na shafa wani kafin tsatsa ta kama. A saman farantin tsakiya kuma na tarar da busasshiyar ciyawa ta taru dab da salansa. Matatar hayaƙin dizal tana kaiwa wajen digiri 600 idan tana ƙone baƙin hayaƙin da ta tara, ciyawa kuwa ba ta bukatar zafi ya kai haka kafin ta kama. Na zaro ta da waya mai ƙugiya, na bar wayar a akwatin kayan aiki, kuma yanzu duk inda na ratsa ciyawa mai tsayi sai na tsaya na leƙa kafin in ci gaba.